Tabar wiwin yau ba irin ta zamanin su Baba ba ce

"Ganye ne fa kawai, Allah Ya halicce shi kamar yadda Ya halicci zogale." Wani matashi ne ya jefo mana wannan maganar a teburin mai shayi a Boɗinga, yana nuna mana bidiyon TikTok na wani kanti a Kanada, an jera wiwi cikin kwalabe kamar turaren Makka. Ya ce ƙasashen da suka ci gaba sun halatta, mu ne kullum a baya. Aka yi dariya, aka wuce. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, domin abin da ke cikin kwalaben nan ya daɗe da tashi daga "ganye kawai".

Bari mu faro daga tushe. Abin da ke bugarwa a cikin wiwi sinadari ne da ake kira THC. Jami'ar Misisifi a Amurka ta shafe shekaru tana auna wiwin da jami'an tsaro ke kamawa. A 1995, ƙarfin THC ɗin kusan kashi 4 cikin 100 ne. Zuwa 2014 ya kai wajen kashi 12. A kantunan Amurka da Kanada yanzu, ganin mai kashi 20 ba abin mamaki ba ne, man da ake tatsa daga jikinta kuma yakan haura kashi 60. Akwai wani sinadarin, CBD, wanda ba ya bugarwa, shi kuma sai raguwa ya riƙa yi a daidai wannan lokacin. Wato an ƙara wa mota gudu, an sassauta birki.

Ta yaya aka yi haka? Duk ɗan Boɗinga ko Shagari da ya taɓa bin mahaifinsa fadama ya san amsar. Manomin albasa ba ya barin kowace ta zama iri, sai ya zaɓi mai kyau. Shi ke nan sirrin, sai dai su can sun haɗa da kuɗi da ɗakin bincike. Tun shekarun 1970 masu noma a Kaliforniya suka riƙa haɗa auren irin Afganistan da na Meziko da Kolombiya, daga nan aka samu wadda ake kira Skunk. A shekarun 1980 harkar ta yi ƙarfi a Holan, aka buɗe kamfanonin sayar da iri. Daga baya noman ya shige ɗaki gaba ɗaya: fitilu a madadin rana, na'ura na daidaita zafi da sanyi, wani lokaci ko ƙasa babu, ruwa ne da taki. Babu ruwansu da damina ko rani. A 2011 masu bincike a Kanada suka fitar da taswirar ƙwayoyin halittar tsiron, a 2019 kuma wasu a Jami'ar Kaliforniya da ke Bakli suka sa yis, irin dai na burodi, ya samar da THC ba tare da an shuka komai ba.

To ina ruwan Sakkwato da wannan? Ai ba mu ne masu nomawa ba. Gaskiya ne, manyan gonakin wiwi a Najeriya suna cikin dazukan Ondo da Edo da Delta da Osun, can hukumar NDLEA ke yawan shiga tana ƙonawa. Mu masu karɓa ne. Titin da ya taso daga Kudu ya bi ta Kwantagora da Jega da Tambuwal, ya ratsa Shagari da Boɗinga kafin ya shiga birni, ba goro da manja kaɗai yake ɗaukowa ba. Kuma kayan sun canza. Duk mai bibiyar sanarwar da NDLEA ke fitarwa kusan kowane mako ya saba da sunaye irin su Loud da Colorado, ana kama su a tashar jiragen ruwan Legas, sau da yawa cikin motocin da aka yi odarsu daga Kanada. Kanada ta halatta wiwi a ranar 17 ga Oktoba, 2018, kamfanoni suka noma fiye da abin da kasuwarsu za ta shanye, farashi ya faɗi. Ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane cewa kaya mai arha a can, mai tsada a nan, zai nemi hanya.

A kan Colorado, ko Kolos kamar yadda samari ke cewa, zan ɗan tsaya, saboda nan ne maganar "ganye kawai" ta fi rushewa. Yawanci abin da ake sayarwa da wannan suna ganye ne da aka fesa wa sinadarin da aka haɗa a ɗakin gwaji. Asalin wasu daga cikin sinadaran nan bincike ne na jami'a; wani malamin kimiyya a Amurka, John Huffman, ya haɗa su don nazari, sai a 2008 aka tsinci ɗaya daga ciki a wani kayan maye da ake sayarwa a Jamus. Mai fesawa ba ya aunawa daidai. Ƙulli ɗaya ya yi sauƙi, na kusa da shi ya kayar da mutum yana shure-shure a bakin kwata. Kun ga bidiyoyin, wasunku ma kun tura wa abokai da alamar dariya. A Saliyo irin wannan haɗin ake kira kush, ya yi ɓarnar da ta sa Shugaba Julius Maada Bio ya ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a watan Afrilun 2024.

Ko ba a fesa komai ba, ƙarfin kansa matsala ne. Wani babban bincike da aka wallafa a 2019, wanda aka yi a biranen Turai da kuma Birazil, ya gano cewa masu shan mai ƙarfi kullum, wato wadda THC ɗinta ya kai kashi 10 ko fiye, haɗarin su gamu da taɓin hankali ya ninka kusan sau biyar a kan wanda bai taɓa sha ba. Saboda haka idan wani ya ce maka kawunsa ya sha shekara talatin yana busawa kuma lafiyarsa lau, tambaye shi wace iri kawun ya sha. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a Najeriya sun kai miliyan 10.6. Wannan kafin sababbin nau'o'in nan su cika gari ke nan. Mu kuma a wannan yanki, idan abu ya ɓaci, ina za a nufa in ba asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ba?

Sai batun kuɗi, wanda shi ne hujjar masu ilimin cikinmu. Marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na Ondo ya je Tailan a 2019 ya dawo yana kiran a halatta noma don magani da fitarwa waje. Ban raina wannan muhawarar ba, akwai magungunan gaske da ake yi daga tsiron, har da na wata irin farfaɗiyar yara. Amma a duba Lesoto, wadda ta fara ba da lasisi a Afirka a 2017: kuɗin lasisin ya fi ƙarfin ƙananan manoma, kamfanoni masu jarin waje suka kwashe harkar. Gana da ake ta yaɗawa cewa "ta halatta", abin da dokarta ta yarda da shi mai THC da bai wuce kashi 0.3 ba ne, wanda ko buhu ka zuƙa ba za ka bugu ba. Kasuwar yau ta mai ɗakin gwaji ce da wutar da ba ta ɗaukewa. Wanda ke fama da kuɗin fetur ɗin injin ban-ruwa a bakin madatsar Shagari ba ya cikin lissafin.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, wannan ilimin na inganta iri muna da shi a gida. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar da waken SAMPEA 20-T a 2019, mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake. Na tambayi yaron nan na teburin mai shayi, wanda gidansu manoma ne kaka da kakanni, ko ya taɓa jin sunansa. Ya ce a'a. Na ce to lissafo mini nau'o'in wiwi. Ya kawo shida bai ko numfasa ba.