Rediyon mota ya yi shiru: a duba fis kafin a taɓa jari

Duk wanda ya saba shiga motar kasuwa daga Madarunfa zuwa Maraɗi ranar Litinin ko Juma'a, ko ya bi ta Ɗan Isa ya nufi Jibiya, ya san cewa rediyon mota ba kayan ado ba ne. Ta nan ƴar kasuwa take jin sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure, ta nan ɗan kasuwa yake jin an rufe iyaka ko an buɗe, kamar yadda muka gani a 2019 da kuma 2023. Mu da muke aikin gidan rediyo mun fi kowa jin haushi in muka shiga mota muka tarar akwatin ya yi gum. Amma ba haushi ya sa muka ɗauki alƙalami yau ba, kuɗin jama'a ne da muke gani suna zurarewa a banza.

Kwanan baya wani direba maƙwabcinmu, mai jigilar mata masu kifin tabki da kayan lambu, ya zo mana ransa a ɓace. Rediyon motarsa ya ɗauke, ya kai wani shago a Maraɗi, ko buɗewa ba a yi ba aka ce ya mutu, ya kawo jika 40 a sa masa sabo mai allo kamar talabijin. Motar kuwa ba tasa ba ce, ta wata Hajiya ce mai sayar da atamfa, ke nan daga jarinta kuɗin za su fito. Muka ce masa, Malam, kafin ka je wa Hajiya da wannan magana, zo mu leƙa ƙasan sitiyari. Abin da muka tarar fis ne ya tsinke, fis na dala 20.

To jama'a, fis wani ɗan abu ne na roba mai ƙafa biyu, da siririn ƙarfe a cikinsa. An yi shi ne don ya ƙone shi kaɗai in wuta ta yi yawa, ya ceci sauran kaya. Akwatinsa yana ƙasan sitiyari ko kusa da batir, kuma a jikin murfin akwai zanen da ke nuna na rediyo. A zaro shi a ɗaga a hasken rana, in ƙarfen ya tsinke za a gani. Launinsa shi ne ƙarfinsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20. Irin wanda aka cire shi za a mayar. Rediyo da yawa suna da wani fis ɗin a bayansu, a duba shi ma.

In fis lafiya lau yake, a duba kan batir. Wannan farin garin da yake taruwa a kai yana hana wuta wucewa, ruwan ɗumi da kanwa da tsohon burushi sun isa. In rediyo yana kamawa yana ɗaukewa duk lokacin da mota ta faɗa rami, galibi waya ce ta yi sako-sako, ko dai baƙar wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, ko ta eriya. Hanyoyinmu na ƙauye da ƙurar hunturu su suka fi kashe rediyo, ba tsufa ba.

Akwai kuma wani abu da ya shafi sana'armu, wanda da wuya mai shago ya gaya muku. Tashoshinmu na FM suna tsakanin mita 87.5 da 108 ne. Tsofaffin rediyon da aka ƙera don ƙasar Japan kuwa daga 76 suke farawa su tsaya a 90. Wanda ya sayi irin wannan a gwanjo zai yi ta murɗawa bai kama tashar da ya saba ji ba, ya ce an cuce shi da mataccen kaya, alhali lafiyarsa ƙalau, wata ƴar na'ura kawai ake haɗa masa a wayar eriya ta sauko masa da tashoshin. Na motocin Amurka su ma da halinsu: tsalle suke daga 88.1 zuwa 88.3 zuwa 88.5, ba sa tsayawa a kan lambar da ta ƙare da sifili ko 2 ko 4. Shi ya sa wata tasha take fita da shuu a motar wane, ta fita tangaran a motar wane. Sau nawa ake bugo mana waya ana zagin injinmu, alhali laifin yana can gaban direba!

Wasu kuma, musamman na motocin Turai, da zarar an cire batir sai su kulle, su nemi lambar sirri. Maganin ɓarayi ne aka yi, ba lalacewa ba ce. A nemi lambar cikin takardun mota ko wurin wanda ya sayar, kada a yi ta dannawa da ka, domin kuskure in ya yi yawa kullewar ƙaruwa take. Wannan ya kamata a sani tun da wuri, tunda duk mai taɓa wayoyin mota dole ya fara cire kan batir mai alamar ragi.

Sai dai gyaran kai yana da iyaka, kuma nan ne muke son iyayenmu mata su buɗe kunne. In aka sa sabon fis ya sake ƙonewa nan take, to wata waya ce ta saɓule tana taɓa ƙarfe, aikin mai gyaran wutar mota ne. Abin da wasu direbobi suke yi, su naɗe fis da takardar kwalin taba mai ƙyalli ko su cusa guntun waya, ganganci ne da rayukan mutane. An cire mai gadi ke nan, wayar da kanta za ta yi zafi ta narke a bayan allon gaban mota, inda ido ba ya gani. Motar da ta ɗauko mutum goma sha, da buhunan kaya a sama, wani lokaci har da jarkar fetur a baya, in ta kama wuta tsakanin Jiratawa da Maraɗi wa zai kashe ta? Hajiya, ke da kika biya kuɗin mota, kina da bakin cewa direba ya tsaya in kin ji ƙaurin roba. Ba rashin kunya ba ne.

Ba mu ce kada kowa ya sayi mai allo ba, mai hali ya saya. Amma mun ga masu arahar, waɗanda zafin watan Afrilu yake sa allonsu ya daskare a mota mai tsayuwa a rana tun safe, kuma wajen haɗa su ake yayyanke wayoyin asali a ɗaure da leda. An sayar da kare an sayi biri. Wanda buƙatarsa kawai ya ji wa'azi ko karatu daga salularsa, akwai ƴar na'urar Bluetooth da ake sokawa a ramin kunna taba, ta aika sauti cikin tsohon rediyon ba tare da an yanke ko waya ɗaya ba.

Ita dai Hajiya mai atamfa da ta ji yadda aka ƙare, cewa ta yi a sayo fis biyar, ja da shuɗi, a ajiye a aljihun gaban mota. Jika 40 ɗin kuwa ta tafi da su sari.