Kafin a Wanke Tankin Kifi, a San da Me Aka Yi Shi

A Turai da Amurka, masu ajiye kifin teku cikin akwatin gilashi don ado suna fama da wata irin gansakuka mai launin ja-ja, wadda ke manne wa gilashi ta yi tauri kamar dutse. Taurin nata daga sinadarin alli ne da take tarawa a jikinta. Maganinta sananne ne: idan an kwashe kifin, sai a jiƙa akwatin da ruwan khal, tsamin ya narkar da allin, a kankare, a ɗauraye. Bidiyoyin wannan aiki sun cika intanet, kuma matashin da ya fara kiwon tarwaɗa a Bebeji ko Kiru yana iya kallonsu a wayarsa. Ra'ayina shi ne, kwaikwayon wannan dabara ba tare da lura ba hanya ce ta asarar jari.

Kudancin Kano ba baƙon harkar kifi ba ne. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ga kuma tafkin Bagauda a kusa, kifi ya shiga cikin sana'o'in yankin. Amma mai kiwo a nan ba da gilashi yake aiki ba. Ko dai tankin siminti gare shi, ko na tamfol, ko kududdufin ƙasa, kuma kowanne da irin wankin da ya dace da shi.

Tsami ba ya cin gilashi, shi ya sa dabarar take aiki a can. Siminti kuwa da dutsen alli ake yin sa. Wanda ya yawaita jiƙa tankinsa da ruwa mai tsami, bangon yake ci tare da dattin. Fuskar simintin za ta yi kaushi, kaushin ya riƙa goge fatar tarwaɗa, wadda ba ta da ɓawon da zai kāre ta, ya kuma zama maɓoyar ƙwayoyin cuta. Garin neman gira sai a rasa ido. Abin da tankin siminti ke bukata shi ne buroshi mai ƙarfi, ruwan gishiri, ɗauraya mai kyau, sannan a bar shi ya sha rana. Na tamfol kuwa soso mai laushi ya ishe shi, domin wuƙa ko ƙarfe huda shi za su yi.

A kududdufin ƙasa lamarin ma juyawa yake yi. Abin da mai akwatin gilashi ke ƙoƙarin narkarwa, danginsa ake zubawa a nan: a janye ruwa, a bar ƙasan ya bushe har ya tsage, a barbaɗa farar ƙasa don ta rage tsamin laka, ta kuma taimaka wajen kashe cuta. Koren ruwa ma, idan bai yi yawa ba, abinci ne ga karfasa.

Abu ɗaya ne ya haɗa dukkansu: a guji sabulu. Ragowarsa na lahanta sassan da kifi ke numfashi da su, kuma 'ya'yan kifi ne ke fara mutuwa. Wanda ya yi amfani da bilic bayan ɓarkewar cuta, wajibi ne ya ɗauraye sau da yawa, ya shanya sosai kafin ya tara ruwa.

Za a ce barin tanki babu kifi na kwanaki asara ce, ga tsadar abinci, ga bashi a wuya. Gaskiya ne. Sai dai a auna mako guda na jira da mutuwar 'ya'yan kifin da aka saya da kuɗin rance, a kuma ƙara da watannin da za a sake farawa daga tushe.

Don haka ya dace malaman gona na hukumar KNARDA da ƙungiyoyin masu kiwo su ba wankin tanki muhimmancin da suke ba zaɓen iri da abinci, su yi bayaninsa da Hausa a rediyo da wuraren sayar da 'ya'yan kifi. Mai kiwo kuma, duk shawarar da ya gani a waya, ya fara tambaya: wannan a kan gilashi aka gwada ta, ko a kan siminti?