Yaushe Ma'aikaci Yake Tashi Daga Aiki?

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Maris na 2020 ne Gwamnatin Tarayya ta umarci ma'aikatanta daga mataki na 12 zuwa ƙasa, in ban da masu ayyukan da ba sa jira, da su ci gaba da aiki daga gida saboda annobar korona. Kowa ya ɗauka abu ne na wucin gadi. To amma annoba ta wuce, al'adar ta samu gindin zama. A Disamban 2021 Jihar Kaduna ta mayar da Juma'a ranar aiki daga gida ga galibin ma'aikatanta. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, Jihar Legas ma ta gwada irin wannan tsari a 2024, kafin ta soke shi a 2025.

Ko shakka babu, abin yana da alfanu. Duk wanda ya taɓa fitowa daga Mararraba ko Nyanya tun da asuba domin ya riski ofis a Abuja ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani, jiki magayi. Akwai ma hujjar bincike. Farfesa Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun yi gwaji na wata tara a kamfanin Ctrip na ƙasar Sin, suka wallafa sakamakon a 2015. Ƙwazon masu aiki daga gida ya ƙaru da kashi 13 cikin ɗari, masu ajiye aiki kuma suka ragu da rabi. Sai dai akwai ɓangaren da masu yabon tsarin ba su cika ambata ba: ƙarin girma ya yi wa na gida wuyar samu, kuma da aka ba su zaɓi, kimanin rabinsu ofis suka koma, da yawa saboda kaɗaici. Ashe hirar da ake yi a bakin ofis ba duka ce ɓata lokaci ba.

Mu kuwa namu ya fi nasu sarƙaƙiya. Ma'aikacin da aka ce ya zauna gida, wa zai biya masa kuɗin wuta da na data? A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarkin rukunin A zuwa Naira 225 kan kowane yunit, a Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Abin da ya rage a kuɗin mota sai ya tafi ga man janareta. An gudu ke nan, ba a tsira ba, domin ma'aikata ta sauke nauyinta ne ta ɗora a kan albashin da dama bai kai ƙarshen wata.

Amma abin da ya fi damun mu shi ne lokaci. A Hausa cewa muke yi mutum ya "tashi" daga aiki, kuma kalmar ba a banza ta zo ba: akwai kujerar da ake miƙewa daga kanta, akwai ƙofar da ake kullewa. Yau kujerar tana cikin aljihu. Ƙarfe goma na dare saƙon shugaba zai shigo ta WhatsApp, alamar shuɗin nan kuma ta tona asirin cewa an karanta. Ba a ce dole ka amsa ba, amma wane ƙaramin ma'aikaci ne zai iya yin shiru? Ga shi gidan Bahaushe ba a gina shi don zama ofis ba. Wanda aka gani a gida da hantsi, a wurin jama'a ba shi da abin yi. Mai sallama zai yi sallama, kuma kunya ba za ta bari a ce masa ana cikin taro ba. Mace ma'aikaciya kuwa nata ya ninka, tunda zamanta a gida ya sa ana sa ran ta haɗa rahoton ofis da girki da raino a lokaci guda.

Wasu ƙasashen sun farga. Tun 1 ga Janairun 2017 Faransa ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin kashe waya bayan tashi. A 2021 Fotugal ta hana shugabanni tuntuɓar ma'aikata a lokacin hutunsu sai da larura mai ƙarfi. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya kuwa tushenta na shekarun 1970 ne, zamanin tafireta, kuma ma'anar "ma'aikaci" a cikinta ta bar jami'an gudanarwa da ƙwararru a waje, alhali su ne wannan lamari ya fi shafa.

Don haka muna kira ga Majalisar Dokoki ta Ƙasa da ta sake duba wannan doka, ƙungiyoyin NLC da TUC kuma kada su tsaya ga batun mafi ƙarancin albashi kaɗai. Duk ma'aikatar da ta tura mutum gida, ta rubuta masa lokacin farawa da na tashi, ta ware masa alawus na wuta da data, sannan idan lokacin ƙarin girma ya zo a auna shi da aikin da ya gabatar, ba da yawan ganinsa da shugaba ya yi ba.