"Ai ke kin gama": zare a kan yayata likita da har yau ɗaliba ce

1/
Jiya wajen ƙarfe biyu na dare na fito shan ruwa, na tarar da Yaya ta yi barci a kan sallaya, littafi a buɗe a gefenta, wayarta sai haske take da saƙonni. Ranar da ta shiga jami'a ina aji ɗaya a firamare. Yau ina aji uku a jami'a, ita kuma har yanzu jarrabawa take jira. Akwai maganar da ta daɗe tana cina. Zare ne, a yi haƙuri da tsawonsa 🧵

2/
Ni ƙididdiga nake karanta, ban san komai a likitanci ba. Amma a gidanta nake zaune saboda ya fi kusa da makaranta, shekara uku kenan. Likitar yara ce a wani asibitin koyarwa, tana matakin ƙarshe na horon ƙwarewa. Abin da zan faɗa, da idona na gan shi.

3/
A danginmu, da zarar an ce "likita" to magana ta ƙare. Kalmar da na fi ji ana faɗa mata ita ce: "Ai ke kin gama." A ganina kalmar nan tana cutar da su fiye da yadda muke zato, domin a kanta muke kafa duk buƙatun da muke ɗora musu. Kuma ni ma ina cikin masu laifin.

4/
Bari in fara da hanyar, don da yawanmu ba mu san ta ba. Digirin likitanci a Najeriya shekara 6 ne, in ASUU ta bari. Mu da muka sha yajin wata takwas a 2022 mun san me nake nufi. Daga nan sai shekara ɗaya ta koyon aiki, wadda suke kira hausjob: a zagaya sashen manya, tiyata, yara, da mata da haihuwa. Sai cikakken lasisi daga hukumar MDCN. Sai bautar ƙasa.

5/
Shekara takwas kenan aƙalla, kuma a nan mutum likita ne na gama-gari. In yana so ya ƙware a fanni ɗaya, sai ya bi ta ɗaya daga cikin kwalejojin ƙwararru: ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko ta Afirka ta Yamma. Jarrabawar shiga sunanta firamari. Ranar da Kaka ta ji Yaya na karatun firamari, cewa ta yi: "Ikon Allah, baya aka mayar da ita?" 😂

6/
In ka ci wannan, sai neman gurbi a asibitin da aka amince ya ba da horo, kuma wasu sai su shekara suna jira. In ka samu, shekara biyu zuwa uku kana ƙaramin likita mai neman ƙwarewa, sai jarrabawar Kashi na Ɗaya. Wasu shekarun kuma, ka rubuta kundin bincike, ka kare shi a Kashi na Biyu. Sai a lokacin ake ce maka konsoltan. Faɗuwa a jarrabawoyin nan ba abin mamaki ba ne, masu ƙoƙari ma na maimaitawa.

7/
Abin lura a nan: ɗalibin mastas na iya cewa yau ba zan shiga aji ba, zan kwafi darasi wurin aboki. Ita ajinta ɗakin marasa lafiya ne. Ma'aikaciya ce cikakkiya, ɗaliba ce cikakkiya, kuma malama ce, don ita ke koyar da ɗaliban likitanci da ke bin ta a zagaye.

8/
Ranarta kamar haka take. Bayan asuba ta shirya yara biyu. Kafin takwas tana asibiti, ana bitar waɗanda aka kwantar da daddare. Sai zagayen gadaje, sai ganin masu zuwa daga gida. In ranar aikin kwana ce, can za ta kwana a sashen gaggawa na yara, gari ya waye ta ɗora da aikin ranar. Na sha ganin ta fita safiyar Litinin, ta dawo Talata bayan la'asar.

9/
In ta dawo ɗin ma ba hutu. Ga aikin gida na yara, ga abincin dare, ga maigida shi ma da haƙƙinsa. Karatu sai sha ɗaya na dare. Wani lokacin a mota take sauraron darasi, wani lokacin a kicin, wayar a jingine da gwangwanin gishiri.

10/
Bincikenta a kan yara masu sikila ne. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar. In uwa da uba duk AS ne, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Kowane ciki fa, lissafin sabo yake komawa. Ba wai in an haifi ɗaya mai sikila sauran ukun sun tsira ba. Wannan ma a bakinta na fara fahimtarsa, duk da ni ne mai karatun lissafin.

11/
Da yake na ɗan iya SPSS, ni ke shigar mata da bayanai a kwamfuta. Kowane layi yaro ɗaya: shekaru, nauyi, yawan jini, sau nawa aka kwantar da shi. Wata rana na ga layi ɗaya an cike rabi, sauran gidajen babu komai. A aji an koya mana dabarun da ake yi wa irin wannan giɓin. Na ce, "Yaya, a cire wannan ko a cike da matsakaici?"

12/
Ta leƙo ta duba lambar, ta yi shiru. Sai ta ce, "Bar shi haka. Ya rasu kafin ranar dawowarsa." Ta san sunansa, ta san garinsu, ta tuna uwar ta sayar da akuya kafin ta kawo shi. Ta koma ta ci gaba da yanka albasa. Ni kuwa wallahi na kasa ci gaba da aikin a daren. Tun ranar ban ƙara kallon giɓi a tebur yadda nake kallonsa da ba.

13/
Sai maganar kuɗi, inda aka fi yi musu mummunar fahimta. Kayan gwajin bincikenta daga albashinta ta saya. Jinin da ta tara yana cikin firiza, duk daren da aka daɗe ba wuta hankalinta na can. Ga kuɗin jarrabawa, ga kwasa-kwasan dole, ga kuɗin mota da masauki a Legas ko Ibadan, ga sabunta lasisi duk shekara.

14/
A 2018 an sa hannu a dokar horon likitoci masu neman ƙwarewa, aka tanadi asusun da zai ɗauke musu wani ɓangare na wannan nauyin. Amma jinkirin biyan kuɗin asusun na cikin abubuwan da ƙungiyarsu ta NARD ke ta shiga yajin aiki a kai, har da na 2021 da ya kai wata biyu. Mu a waje abin da muke ji kawai shi ne "likitoci sun sake tafiya yaji."

15/
Wannan na gwamnati ne. Yanzu namu, 'yan uwa da abokan arziki. Ku buɗe WhatsApp ɗin duk likitan da kuka sani: hoton ƙuraje, hoton sakamakon gwaji da aka ɗauka a duhu, saƙon murya na minti huɗu. "Anti, duba min." Ƙarfe ɗaya na dare. In ba ta amsa ba a kira. In ba ta ɗauka ba a kira Umma a kai ƙara.

16/
In ta ce a kai yaron asibiti a duba shi, sai a ce girman kai. Alhali gaskiyarta ce. Zazzaɓi a jikin yaro zai iya zama maleriya, zai iya zama sanƙarau, zai iya zama ciwon huhu. Ta waya ba ta ganin yadda yake numfashi, ba ta taɓa wuyansa ba, ba ta san nauyinsa ba. Ranar da ta rubuta magani a haka abu ya ɓaci, mu ɗin nan ne za mu fara cewa ita ta kashe shi.

17/
A wurin biki ko suna ba ta gama cin abinci sai an ja ta gefe, a ɗaga riga a nuna mata ƙari. Duk wanda aka turo asibiti daga ƙauyenmu gidanta ne masauki. In an tashi karo-karo, nata kason ya fi na kowa, "ai likita ce." Ba ta taɓa ƙi ba. Amma ba wanda ya taɓa tambayar ta nawa ne kuɗin jarrabawarta.

18/
Laifina kuwa: akwai daren da abokina ya turo min sakamakon gwajin mahaifinsa. Don in nuna ina da likita a gida, na je na buga mata ƙofa. Ashe awa biyu kenan da dawowarta daga aikin kwana, kuma da safe tana da gabatar da maƙala gaban manyanta. Ta tashi, ta duba, ta yi bayani. Sakamakon nan da zai iya jira har sati.

19/
Ga wani abu da ke ba ni haushi. Mutanen da ke cewa "ni matata sai mace ce za ta duba ta" su ne dai ke yi wa Yaya gori: kullum asibiti, yaushe za ki zauna da 'ya'yanki, karatun nan ba ya ƙarewa ne? To malam, likita macen da kake nema daga sama za ta faɗo? 'Yar wani ce, matar wani ce, kuma sai an yi haƙuri da rashinta a gida shekaru kafin ta kai inda za ta yi wa matarka aiki.

20/
Na san me wasu za su ce, don ni ma na taɓa bin layi a asibiti. Akwai likitoci masu tsawa. Akwai masu barin marasa lafiya su tafi asibitinsu na kuɗi. Albashinsu ya fi na malamin makaranta nesa ba kusa ba. Duk gaskiya ne, kuma gajiya ba hujjar wulaƙanta talaka ba ce. Wanda ya yi sakaci a hukunta shi.

21/
Amma ku duba nan. Maganin yara da nauyin jiki ake lissafa shi, kaza a kowane kilo. A kuskure ɗigo ɗaya a lissafi, an ba jariri ninki goma na abin da ya kamata. Wa kake so ya yi wa ɗanka wannan lissafin, wadda ta yi barci ko wadda ta yi awa talatin a tsaye? Jiki magayi. Barcin likita ya shafi lafiyar ɗanka kai tsaye.

22/
Lokacin da mashaƙo ya ɓarke a 2023, wanda ya fi tsanani a Kano, in ta dawo ba ta bari yaranta su taɓa ta sai ta cire kaya ta yi wanka. Ƙaramar ta tsaya a ƙofar banɗaki tana kuka, ita tana ciki tana lallashinta. Ba wanda ke ganin wannan ɓangaren sai na cikin gida.

23/
Sai maganar tafiya. Zauren WhatsApp na 'yan ajinsu ya cika da lambobin +44 da +966. Wasu sun rubuta PLAB sun wuce Ingila, wasu Saudiyya ta ɗauke su. Duk wanda ya tafi, kwanakin aikin kwanansa a kan waɗanda suka rage ake raba su. Masu zama su ƙara gajiya, su ma su fara tunanin tafiya.

24/
A 2019 ministan ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, wanda shi ma likita ne, ya ce muna da rarar likitoci. A 2023 kuma ɗan majalisa Ganiyu Johnson ya kawo ƙudurin a hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara biyar a gida. Ɗaya ya ce ba matsala, ɗaya ya ce a ɗaure su. Ni dai ban ga yadda igiya za ta riƙe wanda albashi da yanayin aiki suka kasa riƙewa ba.

25/
Kwanaki na ji tana ce wa maigidanta, "Bari dai in gama Kashi na Biyu, sai mu yi shawara." Gabana ya faɗi. Ba zan ga laifinta ba in ta tafi. Amma na tuna layukan nan da nake shigarwa, da iyayen da ke tasowa tun asuba daga ƙauye don ita ce ta san tarihin yaransu.

26/
Albashi da kayan aiki ba a hannunmu suke ba, sai dai mu yi ta magana, mu tuna ranar zaɓe. Amma akwai na hannunmu. In ba gaggawa ba ce, bari gari ya waye. In gaggawa ce, asibiti za ka nufa, ba waya ba. In ta ce a je a duba, a je. Ka gaishe ta wata rana ba tare da ka haɗa da ciwon baya ba.

27/
Mu ƙanne kuma, aiki bai fi ƙarfinmu ba. Kai yara islamiyya, sayo gas, zuwa kasuwa, riƙe mata waya ta yi barcin awa biyu. Ni yanzu in aka kira ni ana nemanta, tambayata ta farko: numfashinsa lafiya? Yana farfaɗiya? In eh, maza asibiti. In a'a, tana barci.

28/
Saura 'yan watanni ta kare kundinta. Jiyan nan da na gan ta a kan sallaya ban tashe ta ba, wayar kawai na kife na rage mata ƙara. Da safe ta ce wa ya taɓa mata waya, saƙo goma sha ɗaya ta tarar. Na ce ni ne. Ta harare ni, sannan ta ce, "Allah Ya yi maka albarka."

29/
Ku sa ta a addu'a, da duk masu irin wannan karatun. Allah Ya ba su sa'a, Ya ba yaran nan lafiya. Wanda ke da likita a gida, gaya mana gaskiya: yaushe rabonka da ka kira shi don gaisuwa kawai?