Wai Zaman Anka Ya Fi na Gusau Araha? Ku Zo Mu Yi Lissafi

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin manyan ma'aikata da 'yan kanzaginsu a Gusau, wai mutumin Anka ba shi da abin kuka, haka ma 'yan'uwansa na Gummi da Bukkuyum, domin zamansu zaman araha ne. Wai hatsi a ƙofar gidansu yake, kuɗin haya kaɗan ne, itace kuwa kyauta ne a daji. Wai mutanen birni ne kaɗai ke shan tsada. Mun ji, amma ba mu yarda ba. Mafi yawanku 'yan kasuwa ne, ɗan kasuwa kuwa ba a ruɗa shi da lissafi. To ku zo mu aza Gusau a gefe ɗaya na sikeli, Anka a ɗaya gefen, mu auna.

Mu fara da inda suka yi gaskiya. Lalle da kaka tiyar gero da ta dawa sun fi sauƙi a Anka bisa ga Gusau, kuma ɗakin haya bai kai na birni kuɗi ba. Amma wa ke cin wannan araha? Manomi shi ne mai sayarwa. Abin da mai albashi ke kira araha, shi ne hasarar manomi. Yakan sayar da kaka ala tilas don ya biya bashin taki, a loda buhunan a kai Gusau a ɓoye, sa'an nan da damina, rumbu ya ƙare, ya sayi hatsin nan nasa da tsada.

Na biyu, ku lissafa abin da Anka ba ta nomawa: gishiri, sukari, sabulu, atamfa, taki, siminti, magani da fetur. Dukkansu a mota suke zuwa, su baro Gusau, su ratse a Mayanchi su nufi Anka, wanda zai wuce kuma ya bi ta Daki Takwas zuwa Gummi. Ran 29 ga Mayu 1923 ba ta shafe mu ba, amma ran 29 ga Mayu 2023 ta shafe mu, domin ran nan ne Shugaban Ƙasa ya ce tallafin fetur ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 500 a wurare da yawa cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000. Duk ƙarin da aka yi, wanda ke ƙarshen hanya shi ya fi jin nauyinsa. Ban da kuɗin mai, direba yana ƙara kuɗin kasada, domin hanyar da ake tare mutane ba a binta a banza. Watau mutumin Anka yana sayar da nasa da araha, yana sayen na wasu da tsada. Ina ribar?

Na uku, akwai kuɗin da mutumin Gusau ba ya sa wa cikin lissafinsa. Kakanninmu sun yi kuka da haraji da jangali a zamanin En'e. Yau haraji ya dawo, sai dai mai karɓarsa a daji yake, da bindiga a kafaɗa. Ƙauyuka da yawa a ƙasar Anka da Bukkuyum sun biya kafin a bar su su yi shuka, sun sake biya kafin a bar su su yi girbi. Wanda aka sace wa ɗa ko mata kuwa sai ya sayar da gona da shanun huɗa ya fanso su. Ku gaya mana, a wane shafi na lissafin araha aka rubuta kuɗin fansa?

Na huɗu, asibiti. A Gusau ne Cibiyar Lafiya ta Tarayya take, a can Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura yake, a can Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 take. Matar da naƙuda ta tsananta wa a Gusau, kuɗin Keke Napep ne tsakaninta da babban likita. Wadda abin ya fi ƙarfin asibitin Anka kuwa sai an yi shatar mota, a kuma jira gari ya waye, domin ba mai shiga hanyar nan da dare. Sau nawa ciwo ke jiran wayewar gari?

Kada kuma mu manta da shekarar 2010. Talauci ya tura mutane haƙar zinariya, suna kawo dutsen cikin gida suna niƙawa, ƙurarsa kuwa cike da gubar dalma. Yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Likitocin ƙungiyar MSF daga ƙasashen waje ne suka tsaya kan jinyar waɗanda suka rage. Garin Bagega kuwa sai a 2013 aka saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilu 2019, ta ɗage hanin a Disamba 2024. Zinariya ta fita, an ƙera sarƙoƙi da ita a wasu birane. Me aka gina da ita a Bagega?

Ko ranar da aka ce an zo taimako, wa aka fara sadaukarwa? A Satumba 2021 aka rufe kasuwannin mako-mako, aka yanke layukan waya a jihar duka, wai don a matsa wa 'yan bindiga. Mai shago a Gusau ya ci gaba da buɗe shagonsa kowace safiya. Mai koli da mai tebur da dillalin dabbobi da ke rayuwa da kasuwar mako kuwa sai zaman gida. Da aka tashi maido da waya, Gusau aka fara maido wa, sauran garuruwa suka ƙara makonni suna jira. Bayan wannan duka, a farkon Janairu 2022 aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen da suka yi jana'iza suka ce kusan 200 ne. A Satumba 2024 kuma jirgin ruwa ya kife a Gummi da manoma masu tsallakawa zuwa gonakinsu, fiye da mutum 40 suka salwanta. Wannan shi ne farashin zuwa gona.

Kada talakan Gusau ya ɗauka muna cewa shi a aljanna yake. Mun san yana sayen ruwa wurin 'yan garuwa, mun san mai gidan haya ba ya jin roƙo. Albashi mafi ƙanƙanta na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yuli 2024 bai shafi ɗan dako da mai faci da mai sayar da ƙosai ba. Amma ya tambayi kansa, me ya sa hatsi ya yi tsada a kasuwar Gusau? Domin gonakin yamma sun zama daji. Me ya sa haya ta hau? Domin waɗanda aka kora daga ƙauyukansu sun cika unguwanni. Tsadar Gusau 'yar wahalar Anka ce. A Gusau da kuɗi ake biya, a Anka kuwa da kuɗi da rai. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ran 1 ga Oktoba 1996 aka fitar da Zamfara daga Jihar Sakkwato, aka ce gwamnati ta matso kusa da talaka. Ta matso, ta tsaya a Gusau. Gwamnoni sun zo sun wuce, jam'iyyu sun canza riga, amma garin Sarkin Zamfara na nan yana jira.

Saboda haka ga abin da muke bukata. A tsare hanyar Mayanchi zuwa Anka zuwa Gummi dare da rana, ba sai ranar da babban mutum zai wuce ba. A sa likitoci masu kwana a gari a asibitocin Anka da Bukkuyum da Gummi. A kai taki kafin ruwan fari, ba bayan an yi noman farko ba. Kowace ƙaramar hukuma ta liƙa a ƙofar kasuwa abin da ta tara na kuɗin rumfa da na tasha, da abin da ta yi da shi. Kada kuma a sake rufe kasuwa ba tare da shawarar shugabannin 'yan kasuwa ba.

Ku kuma 'yan'uwa, duk mai neman ƙuri'a da ya zo muku da zancen araha, kada ku yi masa gardama. Ku ce ya kwashe iyalinsa daga Gusau ya kai su Bagega su yi damina ɗaya, ba soja, ba rakiya. In ya yarda, sa'an nan a zauna a yi maganar ƙuri'a.