Wa Ya San Asibi A Ƙanƙara?

 

Duk alhajin da ya tashi daga Katsina zuwa ƙasa mai tsarki sai ya nuna katin nan mai ruwan ɗorawa, shaidar an yi masa allurar rigakafin zazzaɓin shawara. Jaririn da uwarsa ta kai asibiti a Faskari yana wata tara, ita ce allurar da ake yi masa tare da ta ƙyanda. Ita ce kuma aka bi ƙauyukan jihar Katsina ana yi wa jama'a a 2019, lokacin da cutar ta ɓulla a ƙananan hukumomi irin su Ƙanƙara da Ɗanmusa. Wannan allura daga jinin mutum ɗaya ta samo asali, wani Baƙar fata ɗan ƙasar Ghana mai suna Asibi. A tsaya a kasuwar Ƙanƙara ko ta Sabuwa a tambayi mutum ɗari wane ne Asibi, da wuya a samu ɗaya da ya taɓa jin sunan. Ra'ayinmu a wannan makon shi ne: cike wannan giɓi aikin marubutan Hausa ne, kuma aiki ne da rayuka suka rataya a kansa.

Ga tarihin a taƙaice. A 1881 wani likitan ƙasar Kuba, Carlos Finlay, ya ce sauro ne ke yaɗa cutar. Aka yi kusan shekara 20 ba a ɗauki maganarsa da muhimmanci ba. Sai a 1900 tawagar sojan Amurka ƙarƙashin Walter Reed ta tabbatar da haka, ta hanyar sa sauro ya ciji mutane masu rai. Akwai sojoji cikinsu, akwai kuma baƙin haure daga Sifen. An ba su takardar yarda sun sa hannu, an yi musu tayin dala 100, da ƙarin 100 ga wanda ya kamu. Ɗaya daga cikin likitocin, Jesse Lazear, ya kamu ya mutu a wannan shekarar. Wata ma'aikaciyar jinya, Clara Maass, ta miƙa kanta ga sauro a wani gwajin na 1901, ita ma ta rasa ranta.

Daga nan aikin ya ƙetaro zuwa ƙasarmu. A 1925 Gidauniyar Rockefeller ta kafa cibiyar binciken cutar a Yaba, Legas, ƙarƙashin Henry Beeuwkes. A watan Yunin 1927 wani likitan tawagar, Alexander Mahaffy, ya ɗebi jinin Asibi a garin Kpeve na ƙasar Ghana. Asibi yana da shekara 28, zazzaɓin bai tsananta masa ba, ya kuma warke. Da aka sa jininsa a jikin birai da aka kawo daga Indiya, sai suka kamu. Ta haka aka fara riƙe ƙwayar cutar a hannu ana nazarinta. Amma aikin ya ci rayuka. Adrian Stokes ya mutu a Legas a Satumban 1927. Hideyo Noguchi, ɗan Japan, ya mutu a Akara a Mayun 1928, bayan 'yan kwanaki William Young ya bi shi. Theodore Hayne ya mutu a Legas a 1930.

Ƙwayar da aka samu daga Asibi ita Max Theiler ya yi ta renonta a ɗakin gwaji, yana sauya mata mazauni sau fiye da ɗari, har ƙarfinta ya karye. Ta daina kwantar da mutum, amma tana koya wa jiki yaƙar ta asali. A 1937 aka samu allurar da ake kira 17D, a 1951 kuma aka ba Theiler lambar yabo ta Nobel. Har gobe wannan allurar ce ake yi a duniya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ya isa mutum har ƙarshen rayuwarsa.

To, mu duba yadda aka raba tunawa. Reed yana da katafaren asibitin soja da sunansa a Amurka. Majalisar ƙasar ta yi doka a 1929 ta karrama mutanen gwajin Kuba, sunayen sojojinta ne suka cika jerin. An sa hoton Clara Maass a kan sarki a Kuba da Amurka. Noguchi yana da cibiyar bincike da sunansa a Jami'ar Ghana tun 1979, hotonsa kuma ya shekara 20 a kan takardar kuɗin Japan ta yen 1,000. Asibi fa? Sunansa ya tsira ne a matsayin laƙabin ƙwayar cuta a littattafan likitoci. Shi ma ya fi wasu sa'a. A farkon shekarun 1930 tawagar Yaba ta ɗebi jinin dubban mutane a Afirka ta Yamma, har da garuruwan Arewacin Najeriya, manya da yara, don gano inda cutar ta taɓa ratsawa. An buga sakamakon a 1934, shekara guda bayan gasar da ta haifar mana da Ruwan Bagaja. Kakanninmu da suka miƙa hannu a lokacin sun koma lambobi a cikin jadawali. Haka masu kama sauro, da masu kula da birai, da tafintoci, da direbobi.

Mun san wani zai ce: me ya haɗa mu da wannan? Turawan mulkin mallaka ne suka yi bincikensu don kare jami'ansu da kasuwancinsu, ba don ƙaunarmu ba, kuma ba a nemi yardar talaka yadda ya kamata ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba za mu share ta ba. Mutanen Arewa suna da dalilin ɗari-ɗari da allurar baƙo. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200. Yara 11 suka mutu, shari'a ta ɗauki shekaru kafin a yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Wannan tabo yana cikin abubuwan da suka rura wutar ƙin allurar shan-inna a 2003.

Amma a ganinmu wannan hujja ce ta a rubuta, ba ta a yi shiru ba. Inda babu tarihi a rubuce, jita-jita ce ke zama tarihi. Mutumin da abin da ya sani game da allura shi ne "daga Turai aka kawo ta", yana da sauƙin a tsorata shi da saƙon murya ɗaya a waya. Wanda ya san cewa tushenta jinin ɗan Afirka ne, cewa a Legas aka yi wani ɓangare na aikin, cewa Najeriya da kanta ta taɓa sarrafa allurar a Yaba kafin a dakatar a 1991, zai kalli ma'aikaciyar rigakafi da wani ido daban. Zai kuma san haƙƙinsa: a yi masa bayani da harshensa, a nemi yardarsa, kada a mai da ɗansa abin gwaji a ɓoye. Labarin Asibi da na yaran Kano dole su zo a shafi ɗaya. Wanda ya ba da ɗaya ya ɓoye ɗaya, rabin gaskiya ya faɗa.

Kada kuma mu ɗauka maganar ta wuce. Cutar ta sake dawowa Najeriya a 2017, ta fara daga jihar Kwara, cikin shekara biyu ta iso Katsina. Sauron da ke yaɗa ta da rana yake cizo, kuma a ruwa mai tsabta yake ƙwai: randar da ba a rufe ba, tulu, tsohuwar taya, gwangwanin da ruwan sama ya taru a ciki. A daji cutar tana zagayawa tsakanin birai da sauro, mai noma ko kiwo ko saran itace ya ɗauko ta ya kawo gari. Ba ta da magani na kai tsaye, kuma cikin waɗanda ta tsananta wa kusan rabi ke mutuwa. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa duk a bakin daji suke, kuma kowa ya san abin da rashin tsaro ya yi wa ƙauyukansu. Garin da ya watse, yaransa ba sa samun allurar wata tara. Haka ma labarinsa: tsohon da ya san shekarar da "shawara mai kisa" ta shigo unguwa, in ya rasu a gudun hijira, ya tafi da littafinsa.

Duniya ta san Ƙanƙara da daren 11 ga Disamban 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300. Ya kamata ta kuma san ta da matan da suka ɗauki akwatin ƙanƙara a kan babur suka shiga ƙauyuka a 2019, da masu unguwanni da limaman da suka tara jama'a, da iyalan da suka yarda aka ɗebi jinin marasa lafiyarsu aka kai gwaji. Su ne Asibin zamaninmu. In ba a rubuta su yanzu ba, nan da shekara 50 su ma lambobi za su zama.

Ga abin da muke ba wa juna shawara. Na farko, a je a tambaya. Wanda yake da kaka, ko maƙwabciya ma'aikaciyar lafiya, ko tsohon malamin asibiti a unguwa, ya zauna da su da biro da takarda, ya rubuta shekara da gari da abin da suka gani da idonsu. Na biyu, a nemi izini kafin a ambaci sunan kowa. Ba zai yiwu mu yi kukan an ɗebi jinin kakanninmu ba tare da yardarsu ba, sannan mu ɗebi labarin mutane mu watsa ba tare da tasu ba. Na uku, a bambance kalmomi. Bahaushe yana kiran duk ciwon da ya sa ido ya yi ɗorawa da shawara, alhali ciwon hanta daban, zazzaɓin shawara na sauro daban. Marubucin da ya cakuɗa su zai iya sa mai karatu ya tsaya jiƙe-jiƙe a gida a lokacin da ya kamata ya garzaya asibiti. Na huɗu, a raba ƙagagge da tarihi. Sunan Asibi yana yi wa kunnen Bahaushe kama da Asabe, kuma zuciya za ta so mu ɗinka masa riga mu ba shi gari da dangi. Mai rubuta ƙagaggen labari yana da wannan 'yanci, muddin ya faɗa wa mai karatu ƙagagge ne. Mai rubuta tarihi ba shi da shi.

Muna da alƙaluman da ke iya fitar da littafin soyayya mai shafi ɗari uku cikin wata biyu, kuma dubban mata da matasa su karanta a waya. Wannan baiwa ce babba. Cikin labarai goma da za mu rubuta bana, a ce ɗaya jarumarsa ma'aikaciyar rigakafi ce a hanyar Sabuwa, ko yaron da aka ɗebi jininsa a zamanin Turawa bai san dalili ba. Mawaƙanmu ma ga fage. Ba mu da kuɗin gina cibiya da sunan Asibi, amma muna da harshen da miliyoyin mutane ke karantawa.

Wanda ya fara tattara wani abu daga garinsu, ya kawo mu gyara tare. Allah Ya jiƙan waɗanda cutar ta ɗauke, Ya ba yankunanmu zaman lafiya, Ya sa alƙalaminmu ya amfani jama'a.