Masu zuwa Sin, a rage lodin garin kwaki

Jama'a, lokacin baje kolin Canton ya sake zagayowa, kuma na san da yawa cikinku na haɗa kaya zuwa Guangzhou ko Yiwu, ga kuma abokan aikinmu da ake turawa kwas na mako biyu ko uku. Abin da ke damuna shi ne rabin akwatin abinci ne: garin kwaki, indomi, ƙuli-ƙuli, kilishi. Kilishin ma dokar kwastan ɗinsu ta hana shiga da nama, in an gani sai dai ka yi bankwana da shi. Mutum ya biya kuɗin jirgi na miliyoyi, ya ƙare yana jiƙa gari a ɗakin otal kamar ɗan makarantar kwana.

Na san dalilin, kuma ban raina shi ba. Tsoron haram ne. A Sin naman alade shi ne nama, har ta kai idan ka ga kalmar "rou" ita kaɗai a takardar abinci, ba a ce na sa ko na rago ba, to alade ake nufi. Ko ganye ka ce a soya maka, ana iya sa kitsensa, ga giyar girki da suke zubawa a abinci da yawa. Saboda haka wanda ke cewa "ai ni kifi kawai nake ci a can" bai tsira kamar yadda yake zato ba.

Amma maganin wannan tsoro haruffa biyu ne kacal: 清真. Ana karanta su "cing-jen", ma'anarsu halal. Ku ajiye hotonsu a waya. Kada ku tsaya neman rubutun Larabci a ƙofa, domin a 'yan shekarun nan hukumomi sun sa an cire shi a wurare da dama, na Sinancin shi ya rage. Musulmin Sin sun haura miliyan 20, kuma masallacin Huaisheng da ke cikin Guangzhou ɗin nan yana daga cikin mafi daɗewa a ƙasar. Da wuya ka shiga babban gari ka rasa shagon taliyar Lanzhou, galibi na Musulmi 'yan ƙabilar Hui, inda ake ja maka taliya da hannu a gabanka a zuba romon naman sa da man barkono. Gidajen abincin Xinjiang kuwa, wallahi Bahaushe gida ya zo: tsiren rago da barkono, gurasa mai zafi, da "dapanji", kaza da dankali a ƙaton faranti wanda mutum uku za su ƙoshi.

Sai maganar yaji, inda mutanenmu ke cika baki wai wanda ya tashi da attaruhu ba abin da zai ba shi tsoro. A yi hattara. Abincin Guangzhou kansa ba shi da yaji sosai, shi ya sa ake raina su. Je ka gidan abincin Hunan ka ga barkono ɗanye da busasshe a kwano ɗaya. Na Sichuan da Chongqing kuma wani abu ne daban, suna ce masa "mala": ban da zafin barkono akwai wani ɗan ƙwaya da ke sa leɓe da harshe su yi zir-zir kamar an yi maka allurar kashe zafi. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka guba aka ba shi. Abin sha'awa, itacen dangin fasa-ƙwari ne, wanda iyayenmu mata ke sawa a kayan yaji. In za ka yi oda, "bu la" shi ne ba yaji, "wei la" kaɗan. Shawarata a fara da kaɗan ɗin, don kaɗan ɗin mutumin Chongqing ya isa ya hana ka zagayen kasuwa washegari. Kuma a tuna, yawancin gidajen Sichuan da Hunan ba na halal ba ne, sai an nemi mai waɗancan haruffa.

Neman wurin ma ba wuya. Taswirar Google ba ta da amfani a can, Amap da Dianping ake amfani da su. Ka liƙa haruffan nan biyu a wurin bincike, su jero maka na kusa da kai har da hotunan abincin, ka nuna da yatsa. A saita Alipay ko WeChat tun daga gida, don wurare da yawa da waya ake oda, da ita ake biya.

Abin ya wuce cika ciki. Basine yana ƙulla ciniki ne a kan tebur. Mai masana'anta zai gayyace ka cin abinci, ka ce ka ƙoshi, gobe ma ka ƙoshi, shi kuwa a wurinsa ka ƙi shi ne. Ka faɗa masa tun farko kai Musulmi ne, ba alade ba giya, a je gidan halal. Sun san wannan, kuma sau da yawa shi zai nemo wurin ya biya kuɗin. Wakilin da ya san wannan ya fi wanda ya maƙale a Xiaobei yana cin tuwo mai tsada samun farashi mai kyau.

Waɗanda suka daɗe a can, ku rubuto mana unguwannin da kuka gwada, musamman a Yiwu, don masu tafiya bana su amfana.